Kayan Da Aka Ɗora Wa Malamin Sakandare Sun Yi Yawa

Duk mutumin Arewa da ke neman abinci a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko Bodija ta Badun, ko babbar kasuwar Anacha, ya san ƙa'idar ɗora wa ɗan dako kaya. Da farko akan dubi ƙarfinsa, sa'an nan a yi jinga, a kama masa ya ɗauka, in ya kai a taya shi saukewa, a kuma biya shi hakkinsa nan take. Wanda ya saɓa wa wannan ƙa'ida, gobe ba zai sami mai ɗaukar masa buhu ba. To, akwai wani ɗan dako guda a ƙasar nan wanda shekara da shekaru ba a yi masa wannan adalci ba, watau malamin makarantar sakandare. Gwamnati ta ɗora masa, iyaye sun ɗora masa, hukumomin jarrabawa sun ɗora masa, ba mai tambayarsa ko wuyansa zai iya, ba kuma mai tsayawa ya taya shi saukewa.

Wani zai ce ina ruwan ɗan ci-rani da gajiyar malami, mutumin da ya baro gida don ya tara abin da zai koma da shi? Amsa ita ce zaman Kudu ya daɗe da wuce ci-rani. A Agege da Idi-Araba, da Sabon Badun da na Shagamu, da unguwannin Hausawa na Fatakwal da Aba da Kalaba, akwai gidajen da aka haifi uba a nan, aka haifi ɗa a nan, ga jika kuma yana sanye da kayan makaranta. Galibin waɗannan yara makarantun gwamnati suke zuwa, ko kuma ƙananan makarantun kuɗi na cikin lungu. Saboda haka duk abin da ya raunana malamin waɗannan makarantu, a kan 'ya'yan baƙi yake fara sauka, kamar yadda za a gani nan gaba.

Babban kaya na farko shi ne yawan ɗalibai. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi cewa kada ɗaliban da ke gaban malami guda a ajin sakandare su wuce 40. Amma duk wanda ya leƙa makarantar gwamnati a unguwa mai cunkoso ya san sau da yawa abin yakan ninka haka, har a ga yara huɗu a benci mai ɗaukar biyu, wasu a kan taga, wasu a ƙasa. Wannan cuta tana da tarihi. A shekarar 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yaran da suka fito kuwa suka zarce adadin da aka yi wa tanadi nesa ba kusa ba. Da waɗannan yara suka ƙare firamare a 1982 suka doshi sakandare, sai suka tarar kuɗin mai ya ja baya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. A Jihar Legas, Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya gina azuzuwa masu ɗimbin yawa har ya kawar da tsarin nan na karɓa-karɓa, inda wasu yara ke zuwa da safe wasu da rana. An yaba masa, kuma ya cancanta. Amma tun daga lokacin birane sai ƙara cika suke yi, gine-gine da ɗaukar malamai kuwa ba su taɓa cim ma haihuwa da ƙaura ba.

Ba sai an je da nisa ba kafin a gane abin da wannan ke nufi ga mutum guda. A ɗauka ga malamin Turanci yana da aji biyar, kowane aji da yara 80. Idan ya ba su aikin rubuta insha'i sau ɗaya tak, takardu 400 ke nan suka taru a gabansa. In ya ba kowace takarda minti uku kurum, wanda bai isa a karanta a gyara a kuma rubuta wa yaro nasiha ba, awa 20 ke nan cur, ban da shiga aji, ban da shirya darasi, ban da cika rajista. To, ɗaya daga cikin biyu za a yi: ko dai ya kwashi takardun ya kai gida ya hana kansa barci ya hana iyalinsa hira, ko kuwa ya daina ba da aikin. Malami mai tsoron Allah yakan zaɓi na farko har jikinsa ya gaza, sa'an nan ya koma na biyu yana jin kunyar kansa. Wannan jin kunya ma wani nauyi ne da ba a gani, domin ba abin da ke cin ran mai sana'a kamar ya san yadda ake aiki mai kyau amma a hana shi halin yin sa.

Daɗin daɗawa, ƙarancin malamai ya sa ana tura mutum koyar da abin da ba fanninsa ba. Wanda ya karanta labarin ƙasa sai a miƙa masa lissafi, don ba kowa. Ya kwana yana bitar abin da zai faɗa gobe, ya shiga aji gabansa na faɗuwa kada wani yaro ya yi masa tambayar da za ta tona asiri. Makarantu da yawa da 'yan bautar ƙasa suke cike gurbi, waɗanda shekara guda suke yi su tafi, ko da malaman da ƙungiyar iyaye da malamai ke biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk sa'ad da irin waɗannan suka tafi, azuzuwansu a kan tsofaffin malamai suke komawa.

Kaya na biyu shi ne aljihu. Dattawa suna tuna ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da ma'aikata suka sayi keke da rediyo da babur. Ba a daɗe ba tsadar kaya ta cinye ƙarin, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo ya karya darajar naira, albashin malami ya koma abin tausayi. Irin haka ta sake faruwa bayan da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, inda farashin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi shi. A watan Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma mazauna Ikko da Fatakwal sun fi kowa sanin abin da kuɗin haya da kuɗin mota ke ci a wata. Malamin da ba zai iya kama ɗaki kusa da makaranta ba, tilas ya zauna a bayan gari, ya fito tun kafin asuba, ya sha cunkoson hanya, ya iso aji a gajiye tun bai ɗauki alli ba. In an tashi kuma ba gida zai nufa ba, sai wajen darasin yamma na kuɗi, ko ɗan shago, ko wata sana'a da zai cike giɓi da ita. Na makarantun kuɗi na cikin lungu kuwa, da yawansu ko mafi ƙarancin albashin ba sa samu, ba fansho, ba takardar ɗaukar aiki, mai makaranta yana iya sallamarsu da baki ranar da ya ga dama.

Abin da ya fi ƙarancin kuɗin ciwo shi ne rashin tabbas. Ƙarin girma yakan makara shekaru, in ya zo a takarda kuɗinsa bai biyo ba. Wanda ya yi ritaya yakan yi ta zarya a kan garatuti, ƙanana kuwa suna kallonsa suna ganin gobensu. Ranar 5 ga Oktoba, 2020, ranar malamai ta duniya, Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi shelar tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙarin shekarun aiki, da wasu alawus-alawus. Maganar shekaru ta zama doka a 2022, aka mai da ritaya shekara 65 da haihuwa ko 40 da kama aiki, wasu jihohi suka ɗauka, wasu suka ja ƙafa. Amma batun albashin na musamman, a bukukuwan ranar malamai da suka biyo baya Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1931, ta yi ta maimaita kukan cewa ba ta gani a ƙasa ba. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa. Mutumin da aka ƙara wa shekara biyar ta aiki ba tare da an rage masa wahalar aikin ba, da wuya a ce masa an yi masa gata. An daɗe ana rarrashin malami da cewa ladansa yana lahira, alhali kuwa mai gidan haya da mai shinkafa a nan duniya suke karɓar nasu.

Kaya na uku shi ne sauye-sauyen tsari daga sama. A 1982 aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4, aka shigo da injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu don ba ɗakin ajiye su, ba lantarki, ba wanda aka horar ya sarrafa su. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, dokarsa ta fito a 2004, aka haɗa ƙaramar sakandare da firamare a matsayin ilmin tilas na shekara tara. Kowane sauyi yakan zo da sababbin darussa da sababbin takardun cikewa, amma ba safai yakan zo da littattafai da horo a kan kari ba. Ana yanke shawara a Abuja ko a hedkwatar jiha, malami ya ji a rediyo kamar kowa, ran Litinin kuma a ce shi zai aiwatar, in abin ya lalace a ce laifinsa ne.

Haka nan sha'anin jarrabawa. Da sakamakon WAEC da NECO ake auna makaranta, da shi ake auna firinsifal, shi kuma ya juya ya matsa wa malamai. Wasu iyaye da masu makarantu har sukan nemi malami ya kau da kai a yi satar amsa, ko ma ya taimaka. In ya ƙi, ya zama mugu mai baƙin ciki da ci gaban yara, aikinsa na iya tafiya. In ya yarda, ya sayar da mutuncinsa, kuma doka tana jiransa. A ƙarshen watan Mayun 2025, da takardar Turanci ta WAEC ta makara, an ga yara a wurare da dama suna rubutu cikin dare da fitilar hannu da hasken waya. Hukumar ta ba da haƙuri daga baya. Amma waɗanda suka tsaya da yaran cikin duhu, suka fuskanci iyaye masu fushi a bakin ƙofa, suka kuma nemi yadda 'yan mata za su isa gida lafiya, malamai ne, kuma ba wanda ya lissafa musu wannan dare a cikin albashi.

Sai kuma zubewar girma. A da, uba yakan kai ɗansa ga malami ya danƙa masa amana, in malami ya hore shi uban ya ƙara masa a gida. Ba a cewa a koma zamanin dukan kawo wuƙa, domin an cutar da yara da yawa da sunan horo, kuma daidai ne da hukumomi suka tsawatar. Amma an karɓe bulala ba a ba malami wani abin riƙewa ba: ba mai ba yara shawara a makaranta, ba goyon bayan iyaye, ba kariya daga hukuma. A 2021 an yi ta jin labarin dukan malamai a makarantun Jihar Ogun, inda ɗalibai ko danginsu ke gayyato 'yan daba, har gwamnatin jihar ta sa iyaye su sa hannu a takardar alkawarin ɗa'ar 'ya'yansu. Ga ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye sun gangaro daga jami'a zuwa sakandare. Ko rigimar da ba malami ya haddasa ba, shi ake bari a tsakiya. Shekarun da aka yi ana shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi hakkin sa shi a watan Yunin 2022, malamin da ke tsaye a bakin ƙofa shi ya sha zargi daga kowane ɓangare, a kan umurnin da ba shi ya rubuta ba.

Batun tsaro kuwa, masu karanta wannan shafi ba sa bukatar dogon bayani, domin garuruwansu ne: Buni Yadi da Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Kagara da Jangebe da Birnin Yawuri a 2021. A wasu daga cikin waɗannan wurare har da malamai aka kora daji. Kudu ma ba ta tsira ba. A 2016 an shiga wata kwalejin gwamnati a Igbonla ta yankin Epe aka ɗauke ɗalibai da malamai, kuma tun daga 2021 zaman gida na tilas na ranar Litinin ya sa malaman jihohin Gabas cikin tsaka mai wuya, hukuma na cewa a fito, masu bindiga na cewa a zauna.

Jiki magayi. Mutumin da ke ɗauke da waɗannan kaya duka, ba mamaki in murya ta dushe, barci ya ƙaurace, hawan jini ya kama shi, ko ya riƙa huce haushi a kan yara da iyalinsa. Masu ƙuruciya da takardu masu kyau sukan gudu su koma banki ko kasuwanci ko ƙasar waje, wanda ya rage kuma kayan wanda ya tafi su hau kansa.

To, a nan ne maganar ta iso ƙofar gidan baƙo. Malamin da ya gaji, abu na farko da yake yankewa shi ne ƙarin kulawa, watau minti goman nan da zai tsaya bayan darasi ya sake yi wa yaro bayani. Wa ya fi bukatar wannan minti goma? Shi ne yaron da aka kawo daga ƙauye a tsakiyar zango, Turancinsa bai nuna ba, ba ya jin Yarbanci ko Ibo balle abokin zama ya fassara masa, a gida kuma ba mai duba masa littafi. Ɗan mai hali yana da malamin gida. Ɗan gari yana da harshe da dangi a ma'aikata. Ɗan baƙo ba shi da kowa sai wannan malami, in malamin ya gaza, yaron yakan koma bencin baya ya yi shiru, daga nan sai kasuwa ko acaɓa, yarinya kuwa sai talla.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: wasu iyaye daga cikin jama'ar Arewa suna ƙara wa malami kaya da hannunsu. Akan cire yaro daga aji ranar da motar albasa ko ta shanu ta iso don ya taya saukewa. Akan tafi da shi gida hutun Salla ko kaka a yi wata guda, a komo a tarar an wuce babi uku, a ce malami ya san yadda zai yi. Akan kira taron iyaye da malamai, a nemi uba a rasa, sai ranar da aka kori yaro ko aka riƙe sakamako sa'an nan ya bayyana da faɗa. Mutanen da suka gaji girmama malamin allo, suna kai masa kuɗin Laraba, suna durƙusa masa, bai kamata a ce su ne ba su san ko sunan malamin bokon 'ya'yansu ba.

Ba a musun cewa a cikin malamai akwai ragwaye, akwai masu sayar da kaya a ofis lokacin darasi, akwai masu tatsar yara kuɗi. Irin waɗannan a hukunta su, kuma aikin sufetocin makarantu da Hukumar Rajistar Malamai, wadda aka kafa a 1993, ke nan. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da ba ta biya a kan kari ba, ba ta ɗauki isassun ma'aikata ba, bakinta ba ya yin nauyi wajen tsawatarwa.

Mafi yawan makarantun sakandare na gwamnati a hannun jihohi suke, don haka gyara daga can zai fara. Ya wajaba a kan gwamnoni da 'yan majalisun jihohi, na jam'iyyar da wannan jarida ke magana da yawunta kafin na sauran, su ɗauki malamai daidai da yawan yara har a komo kan 40 ɗin da manufar ƙasa ta faɗa, su biya albashi da kuɗin ƙarin girma da garatuti ba tare da jan rai ba, su sa ido a kan abin da makarantun kuɗi ke biyan ma'aikatansu, kada kuma a sake fito da sabon tsari sai an horar da masu aiwatar da shi. Wanda ya ɗaga wa malami hannu a bakin aikinsa, a gurfanar da shi gaban alƙali kowa ya gani. Jam'iyyar da ta nemi ƙuri'a da sunan ilmi, da halin da malami ke ciki za a auna ta, ba da fentin da aka shafa wa katangar makaranta ba.

Su kuma Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni, akwai abin da ke hannunsu wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Kowace unguwa tana iya naɗa mutum biyu ko uku masu jin Turanci da harshen gari su riƙa halartar taron iyaye da malamai a madadin waɗanda kasuwa ta riƙe, su kuma zama masu shiga tsakani in saɓani ya taso. Samarin unguwa da suka yi karatu suna iya zama da ƙannensu da yamma a zauren masallaci ko makarantar Islamiyya su ɗora su a kan Turanci da lissafi, don yaro ya shiga aji da ƙafafunsa. Limamai su tunatar a huɗuba cewa cire yaro daga aji saboda cinikin yini guda asara ce, ba riba ba. Uba kuwa, ko sau ɗaya a zango, ya taka ya je makaranta ba don ƙara ba, ya gai da malamin ɗansa, ya tambaye shi abin da yaron ke bukata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da suka san hakkin ɗan dako a kasuwa, su ne ya fi dacewa su fara kama wa malami, domin abin da yake ɗauke da shi 'ya'yansu ne. Allah ya sa a gyara.